An samu jinin ƙanena a rigar wanda ake zargi: shin ƙisasi ya tabbata?

Tambaya: Barista, a Jidda nake zaune. An daɓa wa ƙanena wuƙa bayan rigima kan kuɗi, ya rasu, 'yan sanda sun kama abokin sana'arsa. An gaya mana gwaji ya nuna jinin da ke rigarsa na ƙanena ne, amma shi ya ce ɗaga shi ya yi don ya kai shi asibiti. Marigayin ya bar mata da ƙananan yara biyu, namiji da mace, ga mahaifiyarmu a Kano. Dangin wancan suna ta turo mana mutane. Ni ƙisasi nake so, tunda kimiyya ta tabbatar. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Ban ga takardun binciken ba, don haka maganata ta dogara ne kan abin da ka rubuto, kuma tana iya canzawa idan akwai abin da ba ka sani ba.

Gwajin DNA, wato na ƙwayoyin halitta, bai tabbatar da abin da kake zato ba. Abin da ya nuna, in dai labarin da aka ba ku daidai ne, shi ne jinin na ƙanenka ne. Bai nuna hannun wa ya riƙe wuƙar ba, bai nuna niyya ba, kuma wanda ake zargi bai musanta cewa ya taɓa shi ba. A wurin alƙali irin wannan sakamako ƙarina ce, wato alama mai ƙarfi, ba iƙirari ba, ba kuma shaidu biyu adilai ba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta yi matsaya a 2002 cewa babu laifi a dogara da wannan gwaji a binciken laifuka, amma ta keɓe laifukan haddi da ƙisasi, saboda ana kawar da su da shubuha. Alƙalai sun bambanta wajen nauyin da suke ba ƙarina, shi ya sa ba zan yi maka alƙawarin hukunci ba.

Sai dai kada ka raina binciken, domin rigar ba ita kaɗai ba ce a hannunsu. Jami'an sashen da ake kira Adilla Jina'iyya sukan duba siffar jinin kanta: wanda ya fantsama lokacin sara yakan bambanta da wanda ya goge a jikin mai ɗaukar wanda aka ji wa rauni. Sukan nemi zanen yatsa a ƙotar wuƙa, su duba ƙarƙashin farcen mamaci ko ya yakuci wani, su haɗa da kyamarorin tsaro da bayanan waya. Likitan binciken gawa kuma zai faɗi zurfin raunin, ta inda ƙarfen ya shiga, sara nawa ne, da ko akwai yanka a tafin hannu irin na mai kare kansa. Wannan rahoto yana da nauyi sosai, domin irin makamin da wurin da aka soka su ne galibi ke raba kisan ganganci da mai kama da ganganci, kuma na farkon ne kawai ke da ƙisasi. Sau da yawa idan aka jera wa mai musu waɗannan abubuwa a gaban mai bincike na Niyaba, wato ofishin masu gabatar da ƙara, labarinsa yakan warware, ya amsa da bakinsa. Ba kullum ba.

Abu na biyu ya fi nauyi, kuma na san ba zai yi maka daɗi ba. A bisa abin da ka faɗa, wataƙila ba kai ne mai haƙƙin jinin ba. A Saudiyya haƙƙin neman ƙisasi na magada ne, kuma ɗa namiji yana katange ɗan'uwan mamaci daga gado. Magadan su ne matar, yaran biyu, da mahaifiyarku, har da mahaifinku idan yana raye. Dole su haɗu gaba ɗaya kan neman ƙisasi. Mutum ɗaya a cikinsu ya yafe, ƙisasi ya faɗi, sauran su karɓi rabonsu na diyya. Da yake yaran ƙanana ne, abin da aka saba shi ne a jira su balaga a ji ta bakinsu, mai laifin kuwa yana tsare. Ko an yanke hukuncin, sai ya bi ta kotun ɗaukaka ƙara da kotun ƙoli, sannan umarnin sarki ya fito. Shekaru ne ake magana.

Aikin takardu sananne ne: ku fitar da takardar ƙididdige magada da ta waliccin yara, mahaifiya ta ba ka wakala da aka tantance, ku sanar da ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya a Jidda, ku ɗauki lauya mai lasisin ƙasar ya shigar da ku a matsayin masu haƙƙi na kansu. Ta hannunsa za ku nemi ganin rahoton, ba ta bakin 'yan unguwa ba.

Dangin wancan kuwa, ban ga dalilin da zai sa su riƙa ƙwanƙwasa ƙofar matar da ke cikin takaba ba tun bincike bai kammala ba. Kada kowa ya sa hannu a wata takarda, kada a karɓi ko riyal ɗaya da sunan gaisuwa, domin ana iya juya shi gobe a ce yafiya ce. Kai ma ka kama bakinka da hannunka, kada ka yi musu barazana ko ka yaɗa hoton wanda ake zargi a intanet.

Duk da haka, ba zan ba ku shawarar rufe ƙofar sulhu ba. Diyyar da aka ƙayyade tun 2011 riyal 400,000 ce a ganganci da mai kama da shi, 300,000 a kuskure, kuma a kisan ganganci ana iya yin sulhu kan abin da ya fi haka. Yafiyarku ba ta goge haƙƙin hukuma, galibi ɗaurin shekara 5 ne a kisan ganganci. Akwai kwamitin sasanci a ƙarƙashin masarautar yankin Makka da ke wannan aiki. Ku jira rahoton likita ya fito, ku zauna da matar da mahaifiya ku auna makomar marayun nan, kuma duk abin da kuka cim ma a rubuta shi a gaban alƙali.