Ta yaya zan san an saka sabon abu ba sai na zagaya shafuka ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina ajin ƙarshe a jami'a, ina bibiyar shafukan tallafin karatu da na jaridu masu yawa. Kullum sai na buɗe su ɗaya bayan ɗaya, data ta ƙare, sau tari kuma babu wani sabon abu. A Facebook kuwa, sai wa'adin neman gurbi ya wuce nake ganin sanarwar. Akwai mafita? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Akwai, kuma ta girmi Facebook ɗin ma. Sunanta RSS. Kamfanin Netscape ne ya fara fitar da ita a 1999, aka yi ta gyara har masanin kwamfuta Dave Winer ya fitar da RSS 2.0 a 2002. A 2005 aka samar da takwararta mai suna Atom. Ke dai a wurinki duk aikinsu ɗaya.

Shafi mai RSS yana ajiye wani ɗan fayil da ke ɗauke da jerin sabbin abubuwan da ya wallafa: kanun, ranar, taƙaitaccen bayani da adireshin. Sai ki sauke manhajar karanta RSS, ki ba ta adireshin shafukan da kike so. Ita za ta riƙa leƙawa a madadinki, ta tattaro miki sababbin wuri ɗaya, kamar yaron da kika aika kasuwa da takardar cefane: abin da kika rubuta shi zai kawo, ba zai ƙaro miki wani tarkace ba.

Abin da ya sa nake matsa wa ɗalibai a kan wannan shi ne daidai abin da ya same ki. Facebook ba ya nuna miki komai bi da bi. Na'urarsa ce ke zaɓar abin da take ganin zai daɗe da ke a kan waya, shi ya sa sanarwar tallafin karatu ke nutsewa ƙarƙashin hotunan biki da gardamar siyasa. Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya, don yaro mai ƙoƙari kan rasa dama ba don kasawarsa ba. Manhajar RSS ba ta da ra'ayi. Sabo a sama, tsoho a ƙasa, abin da ba ki karanta ba yana nan yana jiranki ko bayan mako guda. Datarki ma za ta huta, tunda rubutu ne mafi yawa ke sauka.

Idan Android gare ki, gwada Feeder, kyauta ce. Masu iPhone su nemi NetNewsWire. Feedly da Inoreader suna aiki a waya da kwamfuta, kuma suna da tsarin kyauta da zai ishe ki. Galibi liƙa adireshin shafi kawai ya wadatar, manhajar za ta gano sauran. In ta kasa, ƙara /feed a ƙarshen adireshin. Shafukan da aka gina da WordPress, manhajar gina shafuka, waɗanda suna da yawa, suna amsa wannan. BBC Hausa na da RSS, tashoshin YouTube ma haka.

Sai dai ba kowane shafi ke da ita ba, wasu kuma kanu kawai suke bayarwa, sai kin latsa ki shiga. Irin waɗannan ki ware musu rana ɗaya a mako.

Kada ki zuba shafi hamsin a ranar farko, jaridu za su binne miki sanarwar da kike nema. Raba su: tallafin karatu gefe guda, labarai gefe guda, ki fara duba na farkon kowace safiya. Sannan lokaci-lokaci ki fitar da jerin shafukanki a fayil ɗin OPML, wato fayil ɗin da sauran manhajojin RSS ke iya karantawa, ki adana. Lokacin da Google ya rufe Google Reader, manhajarsa ta karanta RSS, ranar 1 ga Yulin 2013, waɗanda suka kwashe jerinsu cikin mintuna suka koma wata manhajar suka ci gaba. Za ki ga wurin fitar da fayil ɗin a saitunan kowace daga cikin manhajoji huɗun da na ambata. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.