Kambas mai dogon wuya zai raba 'yata da targaɗe?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. 'Yata mai shekara 16 tana buga ƙwallon kwando a makarantarsu. Sau biyu ke nan tana targaɗe a idon sawun dama, mai ɗori yana ja mata. Mai sayar da takalma ya ce in saya mata kambas mai dogon wuya, wai ba za ta ƙara ba. Gasa ta matso, ga kumburin bai gama saɓewa ba, hankalina ya tashi. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Zancen lambar takalmi mai sauƙi ne. Ku je da ita da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan buɗe, sanye da safar da take wasa da ita. A bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsunta da bakin takalmin, kuma dunduniya kada ta riƙa zamewa. Dunduniyar mata ta fi ta maza sirantaka, shi ya sa takalman maza kan yi musu cakal-cakal ta baya. A lambar Amurka, 7 ta maza ita ce 8.5 ta mata. In gwanjo ne, ki duba ƙasansa. Wanda ya suɗe santsi zai ja mata. Launi kuwa ki bar mata zaɓinta.

Amma maganar mai takalman nan ita ce ke ɓata min rai, don kullum sai an zo min da ita ɗakin gashin ƙashi. Dogon wuya ba ya hana targaɗe. Yarinya ta yi tsalle ta sauko kan ƙafar abokiyar wasa, nauyinta duka ya murɗe idon sawu, wane ƙyalle ne da soso zai tare wannan? Minti kaɗan da fara wasa igiyar ma ta saki. Marigayi Kobe Bryant, shahararren ɗan ƙwallon kwando na Amurka, ya koma gajeren wuya a 2008, takalmin 'yar ƙwallon kwandon Amurka Sabrina Ionescu da kamfanin Nike ya fitar a 2023 shi ma gajere ne. Irin waɗannan 'yan wasa ƙafarsu ce jarinsu, ba za su yi ganganci da ita ba.

Illar ita ce a ɗaure ƙafar da ba ta warke ba cikin sabon takalmi, a ce je ki, kin tsira. Babban abin da ke jawo targaɗe shi ne targaɗen baya da ba a yi jinyarsa ba. Jijiyar da ta yage ba ja take so ba. Mai ɗori yana ja, yana murza, yana ƙara yaga ta, ana cewa ai dauriya ce. Haba jama'a! Haka yara ke girma da ƙafar da ko a tsakar gida gurɗewa take.

Hajiya, ki ajiye zancen gasar nan. In ba ta iya taku huɗu, ko tana jin zafi kan ƙashin idon sawun in an danna, a yi hoto. In kumburi ya saɓe, ta fara tsayuwa da ƙafa ɗaya kullum, daga baya ido a rufe, sannan tsalle. Randa likitan gashin ƙashi ya sallame ta, ta koma fili da abin ɗaure idon sawu mai igiya a cikin takalmin, dogon wuya ne ko gajere, wanda dai ya zauna mata daidai.