Na'urar Ba Kifi Abinci Ta Tsaya: Kada Ka Yi Saurin Zargin Taima

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kiwon tarwada a tafkin siminti a bayan gidana da ke Asokore Mampong, a Kumasi. Shagona yana kasuwar Kejetia, ba na dawowa sai bayan magariba, shi ya sa na sayi na'urar da ke watsa wa kifi abinci da kanta, mai batir da sola. Tun da damina ta kankama ta fara ba ni matsala. Ranar Lahadi na tsaya a kanta: allon taimar, wato agogon da ke kunna ta, yana kunne, da lokaci ya yi sai na ji ƙyas, moton ya yi gurnani kaɗan ya yi shiru. Wani yaro mai gyaran waya ya ce taimar ce ta ƙone, in yi odar sabuwa. Mene ne shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka riƙe kuɗinka tukuna. Wannan ƙyas ɗin da ka ji, ƙarar ɗan makunnin da ke cikin taimar ne yana haɗa wa moto wuta. Ke nan ta san lokaci, kuma ta ba da umarni. Matsalar tana gaba da ita: ko wutar da ke isa moton ba ta da ƙarfi, ko wani abu ya riƙe shi.

Ka nemi mitar gwajin wuta, ka saita ta a DC, wato irin wutar batir, ka ɗora a kan batirin. Yawancin irin waɗannan na'urori ƙaramin batirin dalmar nan mai volt 12 suke amfani da shi, galibi mai 7Ah (ma'aunin yawan cajin da yake riƙewa). Idan cike yake, kuma ya huta daga caji, zai nuna 12.6 zuwa 12.8. Idan ya sauko 12.0, ya sha aiki ƙwarai. Amma a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, domin mataccen batir ma yakan nuna 12 da ɗoriya muddin ba a ɗora masa nauyi ba, kuma allon taima wuta kaɗan yake ci, don haka zai ci gaba da haske. Ka bar mitar a jiki, ka sa wani ya danna maɓallin gwaji, kai kuma idonka a kan lamba. In ta faɗi ƙasa da 10.5 a daidai lokacin da moton ya yunƙura, to ko batirin ya gama yayi, ko moton a cije yake.

Raba waɗannan biyun ba wuya. Ka cire wayar batir, ka juye abincin mazubin gaba ɗaya, ka juya faifan da ke watsawa da yatsa. Ya kamata ya juya sumul. Sannan ka zare wayoyin moton biyu daga taimar, ka taɓa su kai tsaye a batirin babur mai lafiya, ja a kan ja, baƙi a kan baƙi. Ka kawar da fuskarka da yatsunka, faifan yana zabura da gudu. In ya tashi da ƙarfi, moto lafiya lau, batirinka ne.

Kuma ina kyautata zaton shi ne, saboda lokacin da ka ambata. Daga Yuni zuwa Agusta sararin Kumasi yakan wuni a lulluɓe, ƙaramin farantin solar da ake haɗo wa waɗannan na'urori kuwa ba ya iya mayar da abin da aka ci. Batirin dalma ba ya son zama da yunwa. In ya daɗe ba ya cika, sai wani gishiri ya daskare a farantansa na ciki, daga nan ko an caja shi ba ya riƙewa. Ka gwada solar ma: cire wayarsa, auna da tsakar rana, ya kamata ka ga volt 18 zuwa 22. Ka duba ko kashin tsuntsu ya bushe a kai, ko ganyen ayaba ya girma yana yi masa inuwa. Inuwar ganye ɗaya a kusurwa ta isa ta karya cajin. In ka sa sabon batir, a damina ka riƙa ɗauke shi kana cika shi da cajar gida duk mako.

In kuwa faifan ya ƙi juyawa da hannu, leƙa maƙogwaron mazubin da tocila. Ƙwayar abincin kifi tana shan danshi, ta kumbura, garin da ke ƙasan buhu ya haɗu da raɓa ya zama kamar ƙanzon tuwo, ya toshe mafita ya danne faifai. Ka kankare, ka wanke, ka shanya har ya bushe ƙayau kafin ka mayar. Daga yanzu ka tankaɗe abincin da rariya, kuma kada ka zuba fiye da na kwana uku a lokacin ruwa. Wanda ya yi funfuna ka zubar, kada tsadar buhu ta sa ka ba kifi, domin funfuna na iya ɗauke da gubar da ke lalata musu hanta. Zanzaro ma yakan gina ɗakinsa na laka a jikin sandar moto, ɓera kuma ya bi ƙanshin abinci ya ci waya.

Sauran ƙanana ne. Bakin waya da ya yi kore, goge da sanfefa ka shafa basilin. Fiyus in ya ƙone, sa mai lamba iri ɗaya. Naɗa masa waya da ake yi shi ke ƙona taima da gaske. In an haɗa moton kai tsaye ya ƙi tashi alhali babu abin da ya riƙe shi, kai wa masu gyaran wutar mota a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, kullum suna buɗe irin wannan ƙaramin moto mai volt 12, za su duba maka gawayin cikinsa.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni a Aboabo nake, tafkina na karfasa yana wajen Ejisu. Tawa na'urar ta lantarki ce, da waya ake sarrafa ta. Mai gadi ya ce da tsakar dare take zuba abinci, ni kuwa ƙarfe 8 na safe na saita. Kuma tun da na canza MiFi manhajar ta daina ganinta.

Amsa: Hajiya, ki shiga saitin na'urar a manhaja ki duba yankin lokaci. Da yawansu daga Sin ake kawo su, kuma agogon Sin yana gaban na Gana da awa 8, don haka ƙarfe 8 na safensu shi ne 12 na darenmu cif. Ki mayar da shi Accra. In yankin daidai ne amma lokaci yana rikicewa duk sanda aka ɗauke wuta, ɗan batirin da ke riƙe agogo ne ya mutu, sau da yawa mai faɗin kwabo ne, CR2032, volt 3. Ki gyara wannan da wuri: iskar da ke cikin ruwa tana raguwa da dare har zuwa asuba, karfasa kuwa ba ta iya shaƙar iskar sama yadda tarwada ke yi, abincin da ba a ci ba sai ya ruɓe ya ƙara shaƙe ruwan.

Batun MiFi, kusan duk irin waɗannan na'urori zangon Wi-Fi na 2.4GHz kaɗai suke kamawa, ba sa ganin 5GHz. Ki kunna 2.4 a saitin MiFi ɗin, ki goge na'urar daga manhaja, ki sake haɗa ta wayarki tana kan wannan zangon. Tunda volt 230 ne a bakin ruwa, ki sa mai gyaran wuta ya ɗaura miki makatsin da ke yanke wuta da zarar ta yi yoyo, mai 30mA.

Bayan gyara ku duka biyu ku auna abin da take fitarwa, kada ku dogara da lambar da ke jikin kwali. A rufa mata buhu a baki, a kunna daƙiƙa 10, a ɗora a sikeli. Misali kifi 1,000 masu giram 200 kilo 200 ke nan. In ana ba su kashi 3 cikin ɗari na nauyinsu, kilo 6 ne a rana, kilo 2 sau uku. In ta fitar da giram 500 a daƙiƙa 10, sai a saita daƙiƙa 40. A sake awon duk lokacin da aka canza girman ƙwaya, domin mai milimita 2 da mai milimita 6 ba gudu ɗaya suke zuba ba.