Otal ya hana mu shiga wurin ninkaya

Tambaya: Ƙungiyarmu ta masu gidaje tana biyan otal ɗin shaƙatawa kuɗi duk shekara don mu riƙa amfani da wurin ninkayarsa. An sayar da otal ɗin, sabon mai shi ya hana mu shiga. Ina mafita?

Amsa: Ku fara duba inda aka rubuta haƙƙin. In yana cikin takardun filin da aka yi wa rajista, galibi yana bin filin, ko wa ya saya. In kwangila ce kawai da tsohon mai shi, sai an ga sharaɗin da ya ɗaure wanda zai saya. Nan ake yawan tuntuɓe. Kada fushi ya sa ku daina biya, laifin saɓa yarjejeniya zai iya dawowa kanku. Ku tara rasit, lauya ya aika takardar gargaɗi kafin a je kotu.