Katin Baba a wayar yaron shago

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na kai mahaifina shagon intanet a nan Garwa don a cike masa takardun sabon katin ɗan ƙasa na Kamaru. Yaron shagon ya ɗauki hoton takardar haihuwarsa da tsohon katin da wayarsa. Bayan sati biyu wani ya kira Baba, ya faɗi cikakken sunansa har da na mahaifiyarsa, wai a turo kuɗi kafin kati ya fito. Daga kwamfutar gwamnati aka sato ne? — Maman Halima, Garwa

Amsa: Maman Halima, kar ku tura ko dala. Kuɗin katin jaka goma ne na sefa, kuma tun wajen cike takardu ake biya. Babu jami'in da zai bi Baba a waya yana neman ƙari.

Ni dai kafin in zargi kwamfutar Yawunde, wayar yaron nan zan fara dubawa. Tun da aka koma sabon tsari a Fabrairun 2025, sai an fara rajista ta intanet kafin a je wurin 'yan sanda a ɗauki hoto da zanen yatsu. Tsofaffinmu kuwa ina suka iya? Sai su miƙa wa duk yaron da ke da kwamfuta komai nasu. Ba na cewa ɓarawo ne. Amma waya tana ɓata, ana sayar da ita, ana ba aboki aro, hotunan mutum ɗari suna kwance a ciki.

Kwanaki na sayi gyaɗa a bakin kasuwa, da na warware ƙunshin sai ga fotokofin katin wani bawan Allah: fuskarsa, ranar haihuwarsa, sunan uwarsa, mai ya jiƙa rabin lambar. Wani ofishi ne ya share teburinsa ya zubar. Da takarda irin wannan ake yi wa layin waya rajista da sunan mutum, a damfari jama'a, ranar bincike shi za a nema.

Doka kam akwai. Mai lamba 2024/017, ta 23 ga Disamban 2024, ta ba ɗan Kamaru ikon sanin abin da aka ajiye a kansa, da neman a gyara in akwai kuskure. Sai dai doka ba za ta shiga shago ta goge hoto ba, wannan aikinki ne.

Ki koma gobe, ba da faɗa ba. Ki tsaya a kansa ya goge, har abin da ya tura ta WhatsApp da wanda ke kwandon sharar kwamfuta. Ki duba lambar wayar wa ya sa a takardun, ta Baba ko tasa. Nan gaba duk fotokofin da za ki bayar, ki rubuta a kansa da biro ko don me aka bayar, da kwanan wata. Lambar da ta kira kuma ki kai ta komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ki tafi da wayar Baba a hannu.