Bajamushen da ya zama sanata a Amurka bayan yaƙin basasa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai baƙon da ya yi fice a siyasar Amurka bayan yaƙin basasarsu. Akwai, sunansa Carl Schurz. An haife shi a Jamus a 1829. Ya shiga juyin juya halin 1848 a can Jamus, da aka murƙushe juyin ya tsere, ya isa Amurka a 1852. A yaƙin basasar ya yi janar a rundunar Arewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne 1865. Shugaba Andrew Johnson ya tura shi jihohin Kudu ya duba halin da ake ciki. Ya dawo da rahoton cewa ana duka da kashe bayin da aka 'yanta, ya kuma nemi a ba su damar jefa ƙuri'a. Johnson bai ji daɗi ba, amma mutumin bai janye ba.

A 1869 jihar Missouri ta zaɓe shi sanata, haifaffen Jamus na farko a majalisar dattawa. Daga 1877 zuwa 1881 ya riƙe ma'aikatar cikin gida, inda ya dage a ɗauki ma'aikata bisa cancanta. Sai dai a zamaninsa aka kori ƙabilar Ponca, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin Amurka da ma'aikatarsa ke kula da harkokinsu, daga ƙasarsu, mutanensu da dama suka mutu a hanya da kuma bayan sun isa inda aka kai su. Wannan tabo ne babba a kansa.