Ajiye butar, ka zagaya da su

Ɗana, jiya muna cika ledar shuka da ƙasa ka yi mini tambayar da na san ta daɗe tana cin ka. Ka ce, "Maigida, ni rainon itace na zo koya. Me ya sa duk ranar da 'yan makaranta suka zo sai ka ce in ajiye butar ban-ruwa in zagaya da su? Ni me na sani ma da zan gaya musu?" Ban amsa maka ba a lokacin, don rana ta take ga leda na jiranmu. Yau zauna ka ji.

Ka san kututturen nan da ke bayan rijiya, wanda kake ɗora shebur a kai? Maɗaci ne. Ni na dasa shi da hannuna, ya kai inda mutum biyu ba sa iya rungume shi. Gara ba ta taɓa shi ba, fari bai taɓa shi ba. Masu neman sassaƙe ne suka riƙa shigowa, wannan ya ɓare nan, wancan ya ɓare can, har ɓawon ya yanke zagaye ɗaya kamar an ɗaura masa ɗamara. Shekarar farko ya yi ganye kamar ba komai, na ce ya tsira. Ta biyu ya fara bushewa daga sama. Abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, idan aka yanke hanyar gaba ɗaya saiwa ce ke mutuwa da yunwa, ita kuma ba a ganin ta. Ranar da muka sare shi ban iya cin abinci ba. Mutanen nan ba mugunta suka nufa ba, magani suke nema. Da a ce tun suna yara wani ya taɓa nuna musu cewa ana ɗiban sassaƙe ne siriri, a tsaye, ta gefe guda, a bar itacen ya warke, da yanzu a inuwarsa muke zaune.

Tun daga nan na daina ɗaukar zagayawa da baƙi a matsayin ɓata lokaci. Lambun jama'a ba gonar mutum ɗaya ba ce da za ka kewaye ka sa kwaɗo. Ni da kai mu biyu ne, masu shigowa ba sa ƙirguwa, kuma hannunsu ya fi namu yawa a kan itatuwan nan.

Batun me za ka gaya musu kuwa, kar ka fara da magana. Fara da hannu. Tsinko ganyen turare ka murje, ka miƙa wa na kusa da kai ya shinshina. Za ka ga sauran sun matso da kansu. Sai ka ce musu baƙo ne, daga Ostireliya aka kawo shi, kuma idan sun bi hanyar Mando suka nufi Afaka, inda kwalejin gandun daji ta tarayya take, za su gan shi sahu-sahu. Darbejiya ma da suke gani ƙofar kowane gida baƙuwa ce, asalinta Indiya. Yara ba sa yarda da wannan da farko, sai sun yi ta gardama, kuma gardamar nan ita nake so, don wanda ya yi gardama a kan abu ba ya manta shi.

Daga nan ka kai su wurin 'yan gida. Tsaya da su gindin gamji ka tambaye su wa ya taɓa zuwa Gamji, wurin shaƙatawar nan na Kaduna. Kusan duka za su ɗaga hannu. Sun je da Sallah, sun ga Kogin Kaduna, wasu sun ga tsohuwar gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. Sai ka tambaye su mene ne gamji. Shiru za ka ji. Akwai wanda zai ce sunan Sardauna ne, kuma bai yi ƙarya ba, da shi ake yi wa Sa Ahmadu Bello kirari, Firimiyan Arewa daga 1954 har zuwa Janairun 1966 da aka kashe shi. Amma kafin ya zama kirari itace ne, ga shi a kansu. Ka sa su ɗaga kai su dubi faɗin ganyen, su dubi inda rassan suka kai, su auna inuwar da taku. Ba sai ka yi musu bayanin dalilin da ya sa aka kira babban mutum da sunansa ba, za su gane. Ka nuna musu 'yan'uwansa, cediya da durumi da ɓaure, duk dangi ɗaya ne, duk suna fitar da farin ƙaro idan aka karya ganye. In ɓaure ya yi 'ya'ya, tsaga ɗaya a gabansu. Ƙananan ƙwarin da ke ciki ba ɓarna suke yi ba. Furen ɓaure a cikin ɗan yake ɓoye, ƙwaron nan shi ke shiga ta ɗan ƙaramin baki ya kai masa garin fure, in babu shi babu iri.

Ɗorawa kuwa ba ta bukatar dogon zance. Ka ce musu daddawar da ke miyar gidansu daga kalwar wannan itacen take, man kaɗe daga kaɗanya, miyar kuka daga ganyen wancan ƙaton. Yaron birni yakan san abin a kwano bai san shi a tsaye ba. Itace biyar ko shida sun isa a rana ɗaya. Na taɓa gwada nuna musu ashirin, suka fita ba su riƙe ko ɗaya ba.

Abin da ya fi komai shi ne ka sa su shuka. A nan ne aikin da ka zo koya da aikin da kake gudu suke haɗuwa, don ba za ka iya koya wa yaro abin da hannunka bai ƙware a kai ba. Haɗin ƙasarmu ka san shi, baro biyu na ƙasar sama, ɗaya na yashin rafi, ɗaya na takin shanu da ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa, yana kuma kiran gara. Irin kuka da kalwa ɓawonsu tauri ne da shi, in ka binne su haka nan za su kwanta makonni ba motsi. Ka zuba musu ruwan zafi da yamma su kwana a ciki, ko ka ba yara su goga gefen kowane ƙwaro a dutse har launinsa ya ɗan canza. Suna son wannan aikin. Kaɗanya akasin haka take, ƙwallonta ba ya jira, in ya bushe ya mutu, don haka da ya faɗo da damina ake binne shi. Kar ka ba ƙananan yara ita. Saiwa take fara turawa ƙasa, ta daɗe ba ta leƙo ba, kuma sai ta shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta yi ɗa. Yaro ɗan shekara takwas ka ba shi zogale, kafin mako biyu ya ga tsiro, ya dawo yana ja maka riga.

Ka gaya musu kar su dasa sai ruwa ya zauna. A Kaduna Yuni da Yuli ne lokacin, zuwa farkon Agusta. Wanda aka dasa a ƙarshen Satumba saiwarsa ba ta kama ba hunturu zai same shi. A yage ledar kafin a sa a rami, wannan ka maimaita musu sau uku, don na sha tono mataccen dashe in tarar da shi cikin ledarsa. A kuma kewaye shi, ko da tsohon kwando ne, saboda awaki.

Sai dattawan da ke zuwa bayan asuba. Yawancinsu likita ne ya ce su riƙa tafiya, masu hawan jini da masu ciwon suga. Abin da likitoci ke faɗa shi ne minti 150 a mako, wato rabin sa'a sau biyar. Su ba darasi suke nema ba. Abin da suke bukata daga gare ka shi ne hanya a share, ba saiwar da za ta harɗe ƙafa, benci a inuwa ba a rana ba, kuma kar ka tara busasshiyar ciyawa kusa da inda suke bi, maciji da kunama na son ta. Ka gaishe su da kyau. In ɗaya ya tambaye ka ganyen da ke sauke suga, ka ce kai mai lambu ne, ya koma wurin likitansa. Amma in ya fara ba ka labarin itace, ka tsaya ka saurara. Wani tsoho da ya taso a ƙasar Katsina shi ya fara sa ni lura da gawo, yadda yake zubar da ganye da damina lokacin da kowa ke kore, ya kuma yi ganye da rani lokacin da kowa ya bushe, shi ya sa gero ke yin kyau a gindinsa. A tsaye ya gaya mini, yana dogare da sanda yana huci.

Ranar Alhamis 'yan aji biyar za su zo da malamarsu, ƙarfe tara. Ka gama ban-ruwa kafin takwas. Daren Laraba ka jiƙa kalwa, ka ware leda arba'in, ka kuma duba ɓauren bakin katanga ko akwai nunannen ɗa. Ni ina rumfa ina auren mangwaro. In sun yi maka tambayar da ta fi ƙarfinka, ka kawo su wurina mu duba tare.